Bismillar Baba Philemon

A gidan rediyonmu na Birnin Gwari komai rabawa ake yi. Tun wata rigima da aka tafka kafin a ɗauke ni aiki aka kafa doka cewa duk lokacin da aka ba wa'azin Musulunci, akwai kason da za a ba coci a madadinsa. Kowane ɓangare kuma yana da kwamitin dattawa da ba su da aiki sai kasa kunne. Shirin noma ma sai da aka yi masa shari'a, wai mai gabatarwa ya cika cewa in sha Allahu. Ni Bara'atu aikina in zauna bayan gilashi in ɗaga murya in sauke, in haɗa masu kiran waya, in kuma sha zagin da ba ni na jawo ba.

Shiri ɗaya ne ya tsira daga rabon, shi ne Jiragen Da, wanda ake yi ranar Asabar bayan la'asar. Ba wanda ya san ɓangaren da zai jefa shi, sai kowa ya ƙyale shi. Tsofaffi biyu ne ke yin sa. Malam Mu'azu tsohon malamin tarihi ne a sakandare. Baba Philemon kuma makaniken injin niƙa ne da na ban ruwa, ya zo daga kudancin Kaduna tun yana saurayi, har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Cikinsu babu wanda ya taɓa taka matakalar jirgi, amma ka tambaye su jirgin da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi uwarka, sai su gaya maka har yawan farfelarsa. A bayan shagon Baba Philemon suke zama suna haɗa jirage da karan dawa da gwangwanin madara da sifokin keke, suna gardama a kan tsawon fiffike.

Yadda suke buɗe shirin bai taɓa canzawa ba. Da jar fitila ta kama, Malam Mu'azu zai yi Bismilla, ya yi salati ga Annabi, sannan ya ɗan dakata. A wannan dakatawar Baba Philemon zai ce "Amin" da muryarsa mai kauri. Daga nan Malam ya shiga tarihi, in ya kai ga tashin jirgi kuma Baba Philemon ya kumbura kumatu ya yi kukan injin da bakinsa. Kowane jirgi da irin kukansa. Na Dakota daban, na masu fiffike biyu daban, kuma in Malam ya yi kuskure ya ce injin ya tashi alhali bai yi zafi ba, sai Baba Philemon ya ƙi yi har sai ya gyara.

Da farko na ɗauki abin shirme. Saliha ce ta canza mini tunani, wata mata daga Gwaska da ke kira kusan kowace Asabar. Sai ta hau wani dutse a bayan gari kafin waya ta kama. A wajensu, in aka ji ƙarar jirgi to an zo neman 'yan bindiga a daji ke nan, kowa ya watsar da fartanya ya nemi gindin bishiya, don ba a san inda bam zai faɗa ba. Ta taɓa cewa a cikin shirin, "Ni sai a shirinku na san ashe jirgi yana ɗaukar wasiƙa da marasa lafiya da alhazai. Baba mai injin, a sake mana na makon jiya." Ya kuwa sake mata, tana ta dariya har layi ya yanke.

Abin da tsofaffin suka sa a gaba shi ne Asabar ta farkon Nuwamba, ranar cika shekara ɗari da saukar jirgin sama na farko a Kano. Tun bazara suke haɗa irin jirgin, mai fiffike biyu sama da ƙasa da mazauni biyu, na matuƙi da na abokin tafiyarsa. Duk mako sai sun sanar da masu sauraro inda aiki ya kai. Ni kaina na ƙagu a kai ranar.

Sai ga wata Asabar a ƙarshen damina, Malam Mu'azu ya tafi gonarsa a Gayam da safe. Kafin ya dawo sojoji suka tsare hanya, wai an ga mutanen daji suna tsallakawa. Wayarsa ba ta shiga. Lokaci ya yi, Baba Philemon na zaune shi kaɗai a gaban makirufo yana kallon ƙofa. Na ɗaga masa hannu ta gilashi, jar fitila ta kama. Ya buɗe baki, abin da kunnensa ya saba ji shekara da shekaru shi ne ya fito.

"Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta."

Ya dakata kamar yadda Malam ke dakatawa. Da ya ji ba wanda ya amsa, sai ya ce wa kansa, "Amin." Sannan ya ci gaba da bayanin injin mai sanyaya kansa da ruwa, ko a jikinsa.

Kafin ya gama jimla uku wayoyi sun ɗauka. Na farko kabbara ya yi ta zubawa, yana yi wa Baba barka da shigowa. Na biyu ya tambaya ko da izinin wa wanda ba Musulmi ba yake wasa da sunan Annabi a rediyo. Ta uku kuka take yi, tana cewa an saye dattijon coci a gaban duniya. Ba wanda ya yi tambaya a kan injin. Na kashe layukan na sa hannu biyu na dafe kai.

Washegari wani ya ajiye masa hula da carbi a ƙofar shago. A coci kuma matarsa Rhoda ta zauna a benci ita kaɗai, matan zumunta suka matsa kamar tana da ƙyanda. Kafin Litinin an yanko maganar an baza a wayoyi, an cire jirgi an cire injin, an bar Bismilla da Amin kawai. Takaicin duniya ya ishe ni. Garin nan fa kullum Baba Philemon yana ce wa mutane bismilla in ya buɗe kwanon abinci, suna zama suna cinye masa, ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Manajanmu Abdulsamad ya kira taro a ofishinsa. Mutum ne da in an yi tsawa a Kaduna yake neman laima a nan. Malam Salim ya zo a madadin kwamitin Musulmi, Dattijo David a madadin na Kirista. Tsofaffin biyu suka zauna a gefe, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa.

Baba Philemon ya ce, "Ranku ya daɗe, ni ban musulunta ba, ban kuma yi ba'a ba. Haka ake buɗe shirin. Mai buɗewa ba ya nan, na buɗe masa."

Malam Salim ya ce, "Ai nan ne matsalar, Baba. Salati ba mabuɗin shago ba ne da za a bar wa maƙwabci."

Dattijo David ya ce, "Mu kuma tambayarmu, ashe shekara nawa ɗanmu yana cewa Amin a kan addu'ar da ba tamu ba? Ashe shirin nan na Musulmi ne aka ɓoye shi, ba a taɓa sa shi a kasonsu ba."

Malam Mu'azu ya ce, "Shirin jirage ne, jama'a. Jirage."

Ba wanda ya ko kalle shi. Na kasa haƙuri na sa baki. Na ce to a daina buɗewa da addu'a mana, a ce barkanku da yamma a wuce. Malam Salim ya juyo ya ce, "Wato saboda shi za a cire sunan Allah ke nan?" Na ce to kowa ya yi tasa, Malam ya yi Bismilla, Baba ya yi addu'ar coci. Nan fa su biyun suka haɗa baki suka ce wannan cakuɗa addini ne. Tun da aka fara taron wannan ne kaɗai abin da suka yarda da juna a kai. Manaja ya ce, "Bara'atu, ke aikinki bayan gilashi ne."

Hukuncin da aka yanke shi ne, tunda shirin da Bismilla yake farawa, ya koma kason Musulmi, Malam Mu'azu ya ci gaba da shi shi kaɗai. Baba Philemon kuma a ba shi ɗan lokaci ranar Lahadi ya yi ta bayanin jiragen mishan. In ba su yarda ba, a soke shirin baki ɗaya.

Baba Philemon ya miƙe ya ce, "Na gode, Manaja, amma ku bar Lahadin. Injin da ke cikin jirgin mishan shi ne a cikin na alhazai. Ban san yadda zan raba shi ba."

A waje Malam Mu'azu ya rantse ba zai sake taka gidan ba. Baba Philemon ne ya yi ta ba shi baki. Ina jin su a gindin dalbejiya.

"Malam, ka yi haƙuri ka yi na shekara ɗarin nan. Mun yi wa mutane alkawari."

"Injiniya, wa zai tayar mini da injin?"

"Ka bar injin. Ka ba su labarin. Matar Gwaska za ta hau dutse ranar, kada ta hau a banza."

Da wannan ya ci ƙarfinsa. Makonnin da suka rage aka cike gurbin da kiɗa, wai har ƙura ta lafa.

Ranar ta zo. Baba Philemon da kansa ya ɗauro jirgin a bayan babur ya kawo har bakin get, don Manaja ya ce wa maigadi kada ya bar shi ya shiga, kar a ce an karya hukunci. Ni na fita na karɓa. Jirgin ya yi kyau ƙwarai, an shafe gwangwanin har yana ƙyalli, farfelar tana juyawa in ka hura. Na ajiye shi a kan teburin situdiyo, a gaban kujerar da ba kowa. Malam Mu'azu ya shigo cikin farar riga, ya sa abin kunne. Manaja ya zo ya tsaya a bayana yana goge gumi.

Jar fitila ta kama. Malam ya yi Bismilla, ya yi salati, ya dakata.

Na ga idonsa ya tafi kan kujerar. Dakatawar ta yi tsawo har Manaja ya fara kaɗa masa hannu. Da ƙyar ya ci gaba. Ya faɗi yadda jirage uku suka taso daga Masar, suna sauka suna shan mai suna tashi, har suka hango ganuwar Kano. Labarin dai daidai yake, amma muryarsa kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Da ya kai inda jirgin zai sauko, sai ya ce, "Sai aka ji ƙarar injin daga gabas," ya kuma dakata, ya manta ba mai yi.

Waya ta haska. Na gane lambar, na haɗa ba tare da na tambayi Manaja ba.

"Salamu alaikum, Saliha ce daga Gwaska." Iska na kaɗa muryarta. "Yau ba ni kaɗai ba ce, Malam, mu da yawa ne a kan dutsen, har da tsofaffi mun tallabo. Na ce musu su zo su ji jirgin da ba ya jefa komai. To mun ji labari. Ina Baba mai injin? A saukar mana da shi mana."

Malam Mu'azu ya matso kusa da makirufo. Ya kumbura kumatu kamar zai gwada da kansa, iska kawai ta fito. Sai ya cire abin kunne a hankali ya ajiye, ya ɗauki jirgin da hannu biyu ya fita. Manaja ya bi shi yana raɗa, "Malam, muna kan iska fa! Malam!"

Ta taga ina hango get. Baba Philemon na zaune a kan babur ɗinsa da ƙaramar rediyo manne a kunne. Malam ya miƙa masa jirgin, ya tattare riga ya hau baya, suka tafi.

Manaja ya dawo yana huci ya ce in sa wani abu, ko mene ne. Abin da ke kusa da hannuna shi ne sanarwar da kwamitocin biyu suka ɗauka tare, suna gode wa jama'a da aka warware matsalar cikin lumana. Na ce masa ba zan sa ba, ya zo ya danna da kansa. Ya kuwa miƙo hannu ta kan kafaɗata ya danna.

Layin Saliha bai yanke ba. Masu sauraro ba sa jin ta, ni kaɗai ke ji a abin kunnena. Tana ce wa mutanen da ke bayanta, "Ku yi shiru mana, ku ɗan jira. Yanzu zai sauka."