Akwatin Mai Taya

Mugun hali ne mutum ya aika kaya inda ya kamata ya kai fuskarsa. Zumunci a ƙafa yake, amma Mai Taya bai taɓa yarda da haka ba.

Ƙanwarsa ce ta kira shi daga gida tana kuka. "Yaya, jikin Inna ya rikice, sunanka kawai take kira. Ka taho da maganin nan, mun rasa shi a nan."

"Gobe ina tafe," in ji shi.

Ya sayi tikitin jirgi, ya cika akwati da magani da bargo mai laushi. Sai dai a goben ne motar tayoyinsa za ta iso, shi kuwa ko ɗan cikinsa bai yarda da shi a kan dukiya ba. Sai ya ƙulla dabara. A filin jirgi ya miƙa akwatin, aka auna, ya ga bel mai jan kaya ya tafi da shi. Ya sulale ta ƙofar da ya shigo, ya tura wa ƙanwarsa saƙo: jirgi ya tsere mini, je ki tari akwati. Ya kashe waya, ya wuni yana sauke taya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Washegari da ya kunna wayar, kira ya fara shigowa daga filin jirgi, aka ce ya zo.

A ɗakin ajiya wani jami'in tsaro ya nuna masa akwatinsa a kusurwa. "Malam, ashe kai ne muka yi ta kira a lasifika? Jirgi cike da mutane muka tsayar, muka tono kayanka. Kaya ba sa tashi sai da mai su. Wa ya san abin da ka zuba ciki?"

"Magani ne! Na mahaifiyata!"

"To, ai da ka raka shi."

Yana jan akwatin waje ƙanwarsa ta kira. Babu kuka a muryarta.

"Na bar Inna ita kaɗai na tafi tarar akwatinka. Na jira har kowa ya watse. Kafin in koma ta cika. An kai ta da safe. Yi zamanka, Yaya."

Tayoyi dai sun cika cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Abin da ya ɓata shi ne uwa, da yafiyarta, da jana'izarta, da ƙanwar da ba ta ƙara ɗaga wayarsa ba.