Kwanon Asabe a Bayan Gilashi

Kwana huɗu kacal Hajiya Kulu ta yi a Daura wajen sunan jikarta, ta dawo Ƙofar Guga ta tarar an yi mata aikin da ba ta sa kowa ba. Autanta Sagir, wanda ke aiki a Abuja, shi ya lallaɓo da kafinta da mai fenti suka afka wa kicin ɗinta. Kabad ɗin katakon da ya shekara talatin a jikin bango an shafe shi da farin fenti, an ɓalle ƙofofinsa an sa na gilashi, can ciki kuma an manna madubi, wai don kwanuka su riƙa fitowa bibbiyu. Ga gogan naka tsaye yana washe baki, waya a hannu, yana jiran ya ɗauki murnar uwarsa ya tura wa 'yan'uwa.

"Hajiya, ya kika gani?"

"Ina ƙofofina?"

"Ai gara ta fara cin su. Na bar wa kafinta."

"Ka bar wa kafinta." Ta ajiye jakarta. "To, Allah ya yi albarka, Auta."

Ta faɗa ne don ba a hana ɗa albarka, amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Yaran yanzu sai su ga abu a waya su ɗauko su dasa maka a gida, ko tambaya babu, sai ka ce gidan bai da mai shi.

Abin da Sagir bai sani ba shi ne aikin da ƙofofin nan ke yi. Gida biyu tsakaninsu da Asabe, matar marigayi Malam Sada hedimasta. Mace ce da a da ba a sauke tukunya a gidanta sai an fitar wa maƙwabta. Miji ya rasu, ɗanta guda ya tafi ci-rani ya ɓace ɓat, ita kuwa irin mutanen nan ce da gara yunwa ta kashe su da su buɗe baki. Shekara uku ke nan da Hajiya ta shiga gidan ba zato, ta iske murhu sanyi ƙalau, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tukunya. Da ƙyar Asabe ta yarda a taimaka mata, shi ma sai da ta sa Hajiya ta rantse ba mai ji, ko 'ya'yan cikinta.

Tun daga ranar, kullum da hantsi Asabe za ta shigo gaisuwa. Kicin na nan dab da soro, sai ta ratse ta saka kwanonta a kabad ta mai da ƙofa. Bayan azahar ta dawo hira, in za ta fita ta ɗauke shi cike, ta sa a ƙarƙashin zumbulelen hijabinta. Kwanon kuwa sananne ne. Matan unguwa kowa da alamar da take yi wa kwanukanta da jan farce, don kada su salwanta a gidan biki, kuma kowa ta san ta kowa. Ta Asabe ɗigo uku ce a jere, a murfi da a gefe.

Washegari Hajiya ta yi niyyar sake wa kwanon wuri. Sai 'yan sannu da zuwa suka yi ta sallama, hankalinta ya rabu, hannu kuwa ya riga ya saba. Ta zuba dambu da zafinsa, ta rufe, ta tura cikin kabad kamar kullum.

Bayan azahar sai ga Bashira da wasu mata biyu, sun zo ganin kicin ɗin da ya cika unguwa. Bashira fa idan ta ga abu da safe, kafin la'asar an ji shi a Ƙofar Ƙaura. Suna ta santin fenti, sai idonta ya kai inda zafin dambu ya sa gilashi gumi. Ta matsa ta leƙa. Gefen da ke da alamar yana fuskantar bango, amma madubin nan mai baƙar aniya ya nuno shi tar, ɗigo uku ja.

Daidai lokacin Asabe ta yi sallama.

"Lah, 'yar halak," in ji Bashira, da murya kamar zuma. "Ashe nan ake ajiye maki? Ni fa na ce, mun daɗe ba mu ga hayaƙi a gidanki ba."

Asabe ba ta ko dubi kabad ɗin ba. Ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yara, ta tambayi gajiyar hanya da mai jego, ta ce kicin ya yi kyau, Allah ya sa a ci lafiya. Sannan ta juya ta fita, hannuwanta biyu a sake cikin hijabi. Hajiya ta bi Bashira da kallon da ya sa ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Asabe ba ta dawo ba. Kwana biyu Hajiya na dafawa da ita abincin na kwana. Ran na uku ta wanke kwanon ta cika, ta ɓoye a nata hijabin ta kai mata da kanta. Asabe ta shimfiɗa mata tabarma, ta karɓi kwanon, amma ko murfin ba ta ɗaga ba.

"Azumi nake, Yaya Kulu."

"Azumin mi ran Laraba?"

"Na nafila."

Leɓunanta sun bushe, idanunta sun faɗa. Hajiya ta dawo gida tana huci. Ta tura Sagir ya karɓo mata ƙofofinta, ya je ya dawo ya ce kafinta ya riga ya yanka su ya yi benci. Ta shiga ɗakin ajiya ta jawo ragowar gwangwanin fentin, ta rasa buroshi, ta yage tsohon zane ta dunƙule. Ta tsoma ta lafta wa gilashin, sama da ƙasa, fenti na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a sabon tayil.

"Hajiya!" Sagir ya riƙe baki. "Gilashi ne fa. Amfaninsa ke nan a ga abin da ke ciki."

"Wa ya ce maka komi na cikin gida na gani ne?"

"To mi ke ciki da ba a so a gani? Kwanuka ne kawai."

Amsar ta zo mata har baki, rantsuwa ta mai da ita. Wannan ya fi komai ƙona mata rai: ga ta da gaskiya, ga ɗanta na mata kallon tsohuwar da ba ta san abu mai kyau ba, kuma ba damar wanke kai.

"Ubanka ya shekara talatin yana wuce kabad ɗin nan bai taɓa buɗe shi ba," ta ce. "Kai kwana huɗu ka samu."

Da safe ya kama hanyar Abuja fuska ba walwala. Ita kuwa ta biya gidan Asabe, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Na rufe shi. Ko da fitila aka haska ba a ganin komi."

Sai ran Asabar da hantsi ta ji sallamar da take jira. Suka gaisa kamar ba abin da ya faru, Asabe ta ɗan taɓa hira ta tafi. Hajiya ta miƙe ta nufi kicin, ta buɗe ƙofar da fenti ya yi wa dabbare-dabbare. Kwanon na nan a gurbinsa. Ta ɗauko shi, sai yatsanta ya ji kaushi. An sa wuƙa an kankare ɗigo ukun nan, na murfi da na gefe, an kankare har sai da baƙin ƙarfe ya fito. Kwanon da uwar Asabe ta saka mata a jeren aurenta ke nan, wanda ya zaga gidajen unguwar nan kaf ɗauke da tuwon sadaka.

Hajiya Kulu ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsa, hawaye na zubo mata, na takaici. Da azahar ta cika shi har murfin ya ƙi zama, ta tura shi ciki ta mai da ƙofa.