Buhu Arba'in Tsakaninta da Teku

Ranar da likitan ido ya gaya wa Malama Edith gaskiya, ba gida ta nufa ba. Hawan jinin ido ne, in ji shi. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa in ta riƙe maganin ɗigawa safe da yamma ba fashi, wataƙila ya ƙara kai ta 'yan shekaru. Ta ninke takardar ta cusa a jaka, ta hau bas daga Samaru har Sabon Gari, ta sauka a ƙofar shagon Clementina mai yankar wa mutane tikitin tafiya.

Clementina Ibo ce, amma a Muchia aka binne cibiyarta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Malama Edith ce ta koyar da ita a aji huɗu na firamare, don haka tana ganinta ta miƙe tsaye, ta share mata kujera da gefen zani.

"Malama! Yau wace rana? Wa za a yankar wa tikiti, Diana 'yar ƙanin maigidanki ce za ta koma makaranta?"

"Ni ce. Teku nake so in gani, Tina. Ni kaɗai."

Clementina ta yi dariya, ta ga babu alamar wasa a fuskar tsohuwar, ta haɗiye sauran.

Kada wani ya ce rigimar tsufa ce. Shekara talatin da biyar matar nan tana zana teku a allo tana gaya wa 'ya'yan mutane cewa ruwansa gishiri ne, ita kuwa ruwan da ya fi madatsar Samaru girma ba ta taɓa sa shi a ido ba. Tafiya kam ta yi ta har ta gaji, amma wace iri? Biki, jana'iza, taron zumuntar mata, kullum da tukunya a gaba da ɗan wani a cinya. Ta raini ƙannen miji huɗu. Ta yi jinyar mijin shekara shida bayan ɓarin jikinsa ya shanye, har Ubangiji ya karɓi abinsa. Abin da take so bai fi kwana biyar ba, a inda babu wanda zai ce mata "Mama, ina kaza yake?"

Kuɗin sallamarta daga aiki sun fito bayan shekara uku ana yawo da ita. Ta gyara rufin ɗaki, ta yi wa kabarin mijin siminti, abin da ya rage miliyan biyu ne da dubu ɗari huɗu. Ta faɗa wa Clementina adadin ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin laifi.

Clementina ta jawo takarda. "To, Malama, Ghana dai kuɗinki sun isa yau ɗin nan. Jirgi daga Abuja, kwana biyar a masauki mai tsabta, ba ruwanki da biza, ki ci ki sha, ki dawo da canjin tsaraba. Gambiya ma za a iya, in kin yarda da kwana uku da ɗan ɗaure ciki."

"Tekun Ghana ɗin yaya yake?"

"Teku ne mana. Sai dai mai faɗa ne, yana ta tumbatsa, daga baki za ki tsaya ki kalla."

"Wanne ne ya fi kowanne?"

Kash! Da Clementina ta sani da ta yi shiru. Amma bakin 'yar kasuwa, sai ta ce, "Ai in ana maganar kyau, sai Zanzibar. Ruwan garai-garai, ki shiga har ƙugu kina ganin yatsun ƙafarki. Amma jirgi da biza da masauki, sai kin riƙe miliyan uku da dubu ɗari biyu."

Shi ke nan. Malama Edith ta ji yatsun ƙafa, Ghana ta fita daga ranta. Clementina ta yi ta lallashi, ta ce da babu gara ba daɗi, ta ce kuɗin jirgi ba ya jiran kowa, a yanka yau a huta. Malama ta ce mai ido ɗaya ba ya kallo sau biyu, in za ta gani to ta ga na gaske. Saura dubu ɗari takwas, kuma ta san inda za su fito.

A Samaru kowa ya san inda kuɗi ke haihuwa. Da kaka a sayi masara tana arha, a zuba a sito, a kulle, a jira damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Malaman jami'a na yi, ma'aikatan jinya na yi, har fasto yana da buhu goma sha biyu a bayan ofishin coci. Ba caca ake ɗaukarsa ba, dabara ce ta mai hankali, kuma wanda ya bar kuɗinsa a banki shi ake yi wa kallon sakarai.

Ta tafi Bomo wajen Japheth, ƙanin mijinta, ɗaya daga cikin waɗanda ta raina. Manomi ne, dattijon coci, mutumin da bai taɓa cin sisin kowa ba.

"Matarmu, ai kin zo gidan magana," in ji shi, yana ta murna. "Bara dubu talatin da biyar na sayi buhu, tamanin na sayar a watan bakwai. Yanzu hamsin da biyar ne. Ko tamanin ɗin kawai ta koma, kin je ƙasarki kin dawo."

"Baban Diana, ba ni da wani abu bayan waɗannan."

"Ni ma duk abin da na noma can zan zuba, kusa da naki. In rijiya ce, tare za mu faɗa."

Buhu arba'in aka sauke mata daga kasuwar Giwa. Ta tsaya a bakin siton tana ƙirgawa da idonta ɗaya har aka jera na ƙarshe, aka jefa ƙwayoyin maganin ƙwari, aka datse ƙofa. Ta koma gida da dubu ɗari biyu da farin ciki irin wanda ta manta da shi.

Dubu ɗari biyun ba su ga Kirsimeti da kyau ba. Kuɗin dako da hayar sito sun ci nasu, fasfo ya ci nasa, allurar rigakafin matafiya ta ci nata. Sai fansho ya fara halinsa, wata biyu shiru, na uku a ba da rabi. Maganin ido kuwa 'yar kwalba ce kamar ɗan yatsa, amma kuɗinta ya kai na mudu goma na shinkafa, kuma ba ta wuce wata guda. Malama Edith ta yi lissafinta na malaman makaranta: in ta ɗiga da safe kawai, kwalba za ta kai wata biyu. Ai na ɗan lokaci ne, kafin damina. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ba ta je ba, don ta san faɗan da likita zai yi.

A watan uku buhu ya koma arba'in da takwas. Japheth ya ce wannan ba komai ba ne, masu buƙatar kuɗin taki ne ke fitar da tasu, a bari ruwa ya sauka a gani. Ruwa ya sauka. Shuka ta fito, ta kai gwiwa. Buhu ya koma arba'in. Aka yi ta maganganu a tasha da bakin coci, wasu su ce abincin waje aka buɗe wa ƙofa, wasu su ce kowa ne ya ɓoye shi ya sa ta yi yawa. Ko ma mene ne, kamfanonin abincin kaji da ke zuwa da manyan motoci ba su zo ba.

Clementina ta kira ta a waya. "Malama, don girman Allah ki sayar yanzu. In kin sayar a arba'in, zan matse miki Ghana ko ta halin ƙaƙa."

"In sayi abu hamsin da biyar in sayar arba'in? Wa ya taɓa ganin masara ta faɗi da damina, Tina? Watan takwas na zuwa."

Taurin kai ne, ba wanda zai musa. Amma ba ita kaɗai ba, duk layinsu haka ake cewa, kowa na jiran watan takwas kamar ranar ceto. Kuma a lokacin ta riga ta koma ɗiga magani yau, gobe a huta. Ta fara tuntuɓe da kujerar da ta shekara ashirin a wuri ɗaya. A coci sai ta riƙe littafin waƙoƙi a buɗe tana rerawa da ka, ba wanda ya gane. Gefe da gefe duhu na matsowa, abin da take gani ya koma kamar mai leƙe ta bakin tulu. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ba ta gaya wa kowa ba, don in ta faɗa za a ce ta haƙura da tafiyar.

Watan takwas ya zo da talatin da uku. Watan goma sabuwar masara ta shigo kasuwa, tsohuwa ta zama abin tausayi.

Ranar da suka buɗe siton, kunnenta ya riga idonta sani. Wani ɗan ƙas-ƙas ne ke tashi daga cikin buhuna, ba tsayawa. Ta lalubi buhun farko ta tura hannu ta inda ɓera ya huda, ta fito da gari da ƙwari suna bin yatsunta. Maganin wata shida aka sa, masara ta yi goma sha ɗaya.

Japheth ya zauna a kan dutse a ƙofar siton, ƙato da shi, ya fashe da kuka. "Na cuce ki, matarmu. Ke kika raine ni, ni na cuce ki."

"Tashi, Baban Diana, mutane na kallo. Taka ma ai tana ciki." Ba ta iya ce masa komai bayan wannan ba, don in ta buɗe baki abin da zai fito ba na coci ba ne.

Buhu talatin da ɗaya suka tsira, aka saye su ashirin da huɗu-huɗu. Tara da suka lalace wani mai kiwon kaji ya kwashe a wulaƙance. Bayan an sallami dillali da 'yan dako, abin da ya shigo hannunta bai cika dubu ɗari takwas ba.

Washegari da hantsi ta ɗauki shatar keke tun daga Samaru har ƙofar shagon Clementina, abin da ba ta taɓa yi ba saboda tsada. Ta shiga tana shafa bango, ta zauna, ta ɗora jakar a kan tebur.

"Ina waɗannan za su kai ni? Kada ki ɓoye mini."

Clementina ta daɗe tana danne-danne. "Jirgi dai ya fita, Malama. Sai Kwatano ta mota. Legas ma akwai teku, amma masaukin bakin ruwanta ya fi ƙarfin kuɗin nan. Daga nan zuwa Legas, ki sauya mota zuwa kan iyaka, ki tsallaka, ki sake shiga wata. Kwana huɗu a ɗan masauki kusa da ruwa. Zai isa, da ƙyar."

"Teku ne?"

"Teku ne."

"Yanka."

Clementina ta tura mata takarda da biro, ta nuna inda za ta sa hannu. Malama Edith ta sunkuya har hancinta na neman taɓa tebur, ta rattaba sunanta da kyakkyawan rubutun nan nata na malamai. Rabin sunan a kan takarda, rabin a kan katako.

Clementina ta dubi rubutun. Sai ta ɗauko ruwan leda ta miƙa mata ta gefen dama, daidai kafaɗarta, ta riƙe. Ta daɗe tana riƙe da shi. Tsohuwar tana zaune tana kallon gabanta, ba ta ga ruwan ba, tana jiran a ba ta rasit.

"Malama," in ji Clementina, "wa zai raka ki?"

"Na gaya miki tun bara. Ni kaɗai."

"Kuɗin nan na mutum ɗaya ne. Ba su kai na biyu ba ko an yi yaya. Kuma ni ba zan tura ki tashar Legas a haka ba. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi, ba zan yanka ba."

Malama Edith ta miƙe, ranta ya ɓaci matuƙa. "Ni kike gaya wa ba za ki yi ba? Ni da na koya miki riƙe biro? Ajiye abinki. Ga ofishin motocin Legas can tsallaken titi, da ƙafata zan je in yanka."

Ta fizgi jakarta ta fita. Ta sauka matakala biyun lafiya, ta kai bakin kwalta ta tsaya.

Titi ne da ta tsallaka ya fi sau dubu. Yanzu ƙara ce kawai ta ko'ina, keke da babur da bas da masu tura baro, abu ya bayyana a gabanta ya ɓace ba ta san daga ina ya fito ba. Ta juya kai dama, hagu ta tafi. Ta juya hagu, dama ta tafi. Ta sa ƙafa ɗaya a kwalta, wani ɗan acaba ya wuce har iskarsa ta ɗaga mata zani, ya waigo yana zagi. Ta janye ƙafar. Ta sake gwadawa, aka danna mata oda a kunne, ta koma da baya. Taku ashirin ne tsakaninta da ofishin. Ta tsaya nan rungume da jaka, rana na dukanta, hawaye na bin fuskarta, har mai sayar da lemu a gefe ya daina kiran ciniki.

Sai ta ji hannu ya kama gwiwar hannunta a hankali.

"In tsallaka da ke, Malama?" in ji Clementina.



"A'a," ta ce. "Tsayar mini da mai zuwa Samaru. Ki gaya masa ya sauke ni a ƙofar gida."