Inna Maimunatu da Maigidanta na Sifaniya

"Sake sa min, 'yar nan. A hankali dai."

Rahma ta gyara wa Inna Maimunatu matashin kai, ta kara mata waya a kunne. Muryar wata mata ta fito daga ciki: emocionante.

"Emo... siyo... nante." Tari ya sarƙe tsohuwar. Da ya lafa ta ce, "Kai, mutanen nan! Kalma ɗaya kamar Titin Bauchi, ba ta ƙarewa."

Katanga ce kawai ta raba gidajensu a Gada Biyu. Rahma da masar Inna ta girma. A lokacin nan, kafin gari ya gama wayewa hayaƙin tandarta ya cika layin, yara na tsaye cikin rigunan sanyi, kowa da kwanonsa. Duk jikan Inna namiji maigidanta ne. Ta tsokane shi da rowa, ya rama da cewa ya sake ta, a yi ta dariya har masa ta ƙone.

Jika ɗaya ne wasan bai kama shi ba. Ɗanta Badruddeen yana aikin gonar tumatir a Sifaniya, can ya yi aure, can aka haifi Mahdi. Yaron bai taɓa taka Jos ba, bai san ko "ina kwana" ba. Idan aka yi kiran bidiyo Inna ta ce, "Maigida, ka bar ni da tsohon zane," sai ya zuba mata ido, ya miƙa wa babansa wayar.

Abin yana ci wa Rahma rai. Ta taɓa tare Badruddeen da maganar. "Yaya, yaro har ya shiga makaranta ba ya iya gaida kakarsa?"

"Zai koya idan mun zo."

Idan mun zo! Haka aka yi ta cewa tarin Inna sanyin Jos ne, ana dafa mata citta, har ranar da likita ya duba hoton ƙirjinta ya ce a mayar da ita gida.

A gadon nan Inna ta tsinci kalmar. Mahdi ya samu sabon keke, yana tsalle yana maimaita ta. Bayan an kashe waya ta ce, "Me yake ta ihu a kai?"

Rahma ta bincika. "Abin da ke sa zuciya tsalle ne, Inna. Kamar wasan ƙwallo, ko tafiya, ko labari mai daɗi."

"A ce wa kunu haka?"

"Sai dai in kunun ya sa gabanki bugawa."

"To koya min. Tunda shi ba zai zo wurina ba, ni zan je."

Kawu Yero, ƙanen Inna, ya shigo dubiya ya tarar da su. "Yaya, a wannan hali kike koyon yaren Turawa? Ki kama carbi."

"Ga carbina a hannu, Yero. Bakin ne na ara musu."

Ranar Asabar da la'asar aka kira. Numfashin Inna ya riga ya gajarta, sai da Rahma ta jingina ta a kafaɗarta. Mahdi ya bayyana, ya matso da fuskarsa, ya wage baki. Haƙorinsa na gaba ya fita. Ya nuna giɓin da yatsa don babansa ya ce ya nuna, idonsa kuma yana wani wuri.

Inna ta tattara abin da ya rage mata na iska.

"Emocionante!"

Yaron ya tsaya cak. Sai ya fashe da dariya, ya ƙwala wa mamarsa kira, ya dawo ya riƙe wayar da hannu biyu. Ya shiga zuba mata Sifaniyanci babu tsayawa, yana nuna haƙorin a tafin hannunsa, yana nuna keken, yana jiran amsa.

"Iye, maigida," in ji Inna. "Wawulo! Wa zai zauna da miji babu haƙori?"

Badruddeen ya fassara masa. Mahdi ya murguɗa baki ya faɗi wani abu.

"Ya ce ke ma ba ki da su, Inna."

Ta yi dariya har hawaye ya gangaro cikin kunnenta. "Kun ji ko? Ya rama."

Ba ta kai wata Asabar ba. Aka yi mata sutura da safe, ana yayyafi.

Bayan sadakar uku Rahma ta shiga ɗakin don ta naɗe katifa. Wayar Inna na kan taga, ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mahdi, mai tsawo. Babansa bai iya gaya masa rasuwar ba tukuna.

Rahma ta zauna a bakin gadon, ta danna, ta ajiye wayar a kan matashin. Muryar yaron ta cika ɗakin, yana ba da labari, yana ɗan tsayawa ya bar wurin amsa, sannan ya ci gaba.