Masaukin Baƙo

"Ni na cike rami, amma wa ya buga hatimi? Kai!" in ji Alhaji Jibo, mai saida filaye, yana nuna Mushe Ilyasu, ma'aikacin ofishin filaye, da carbi.

"Ka ce za ka gina kanibo ruwa shi wuce. Ina kanibon?" in ji Mushe, yana nufin magudanar ruwa.

"Kanibo aikin gwamnati ne!"

"Wace gwamnatin? Ta jiya ko ta yau? Muna yajin aiki, Alhaji."

Ni dai aron rariya na shigo gidan Safiyatu, sai na tarar da wannan, na ja kujera 'yar tsugunno na zauna. Rariya ta jira.

Safiyatu ce ta kira su. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu nan Maraɗi, bayan unguwar Zariya, a sabuwar unguwar da Alhaji ya yanka lokacin da kowa ke kafa partin siyasa, babu mai duban kowa. Ba ta da wani wurin. To ga shi bangon ɗakinta ya jiƙe har gwiwa, alhali tun da damina ta kama ko yayyafi ba a yi a Maraɗi ba. Rana tsaka, ƙasa busasshiya a waje, amma tabarmarta sharkaf.

Na ce, "Alhaji, wane suna ka raɗa wa unguwar nan?"

"Masaukin Baƙo mana, Kaka. Sunan wurin ne tun da. Fatake ke sauka nan."

Mushe ya ce a'a, Baƙo mutum ne, shi ke da gonar. Wai har Jiratawa suka je suka samo wani tsoho mai wannan suna ya dangwala yatsa.

Allah ya yafe mini, sai da na yi dariya har ɗankwalina ya zame.

Uwata 'yar ƙauyen Tibiri ce, danginta Anna ne, masu addinin gargajiya. Su ba su kiran ruwan gulbi da sunansa in ya cika, don kada ya ji ya waiwayo. Baƙo suke ce masa. Duk ruwan da ya gangaro daga tudu nan yake kwana kafin ya wuce, shi ya sa ba a noma wurin, ba a ɗaure akuya. A bar wa baƙo shimfiɗarsa. Na faɗa musu haka.

Alhaji ya ce camfin tsofaffi. Mushe ya ce a biro, wato ofishinsu, ba a san wannan ba.

Sai muka ji ɗis. Ɗis. Ba daga rufi ba, daga ƙarƙashin gado. Ɗakin ya ɗauki ƙarnin laka da kifi. Takalman Mushe da ya cire a bakin ƙofa suka motsa, suka juya a hankali, suka fuskanci cikin ɗaki kamar wani ya sa ƙafa.

Can gabas hadari ya fara haɗuwa.

Safiyatu ta goya ɗiyarta, ta naɗe zannuwanta a ƙulli ɗaya. Ni kuwa tuni ina tsakar gida, ban san ƙafafuna na da sauri haka ba.

"Malama, ina za ki? Ba mu gama magana ba," in ji Alhaji, ruwa ya kai masa idon sawu.

"Kai ka saida ɗakinshi, kai kuma ka sa hannu. Ga mai shi nan ya iso. Ku yi mashi bayani."

Ta fito, ta bugo musu ƙofar ƙarfen, garam!