Gawar Dottie a Bakin Bututu

Shekara tara Narelle Tregenza tana bin dolfin, dabbobin ruwa masu shayarwa, na can ƙuryar mashigin teku a kwalekwale, tana yankar ɗan ɓallin fatarsu don auna ƙwayoyin gado. Ta gano su tamanin ɗin nan ba sa barbara da na tsakiyar teku. Tun kaka da kakanni suke cikin ruwan ɗumi mai tsananin gishiri, har jininsu ya fita daban.

Ran Talata da hantsi Des, tsohon da ke tuƙa mata kwalekwale, ya kira ta. Igiyar ruwa ta jefo gawar dolfin a bakin bututun da kamfanin kiwon kifi ke zubar da ƙazantarsa.

Tun daga mota ɗoyi ya tare ta. Gawar ta kumbura suntum, fata ta saɓule, ƙudaje sun yi mata baƙi. Da tsagar fiffiken bayanta ta gane ta: Dottie ce, wadda ta fara yankar fatarta shekara tara da suka wuce.

Tana durƙushe da wuƙa sai ga Brenton Haig, manajan kamfanin, yana gatsar burodi mai nama, romo na bin yatsunsa.

"Dakta, har da zaman makoki? Teku cike take da su. In sun ƙare a kwaso wasu daga waje."

"Na waje ba za su yi rani ɗaya a nan ba," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Kifi dai kifi ne."

"Ba kifi ba ce. Kai ma uwarka shayar da kai ta yi, kamar ita," in ji Des.

Narelle ta tsaga cikin. Wani ruwa kore ya ɓulɓulo kan takalmanta, sannan ɗan tayi ya sulluɓo, cikakke, har da 'yan gashin baki. Des ya juya ya kwara amai a rairayi. Brenton ya leƙa, ya ce "Tir," ya sake gatsa, yana lasar yatsa. 

A taron hukumar gari Brenton ya miƙo wa Narelle hannu yana murmushi, ta bar nata cikin aljihu. Sai bayan wata goma sha huɗu aka tilasta wa kamfanin tace ruwansa. Ƙidayar dolfin ɗin da ta yi a wannan bazarar saba'in da uku ta samu.