Mutumin da Ke Bayan Mai Sanƙo

Mijina Abdulmajid ya tafi Ingila koyon Turanci na wata tara, ga shi an shiga shekara ta shida bai dawo ba. Da farko duk Juma'a yana bugo waya. Daga baya wayar ta koma wata-wata, sannan ta ɗauke ɗif. Ƙanensa Fahad ya yi zirga-zirga har ya gaji, ofishin jakadanci ya bincika asibitoci da gidajen yari, ba a samu ko takalminsa ba. Ni Khaulat na zauna a gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina tare da mahaifiyarsa, Gwaggo Zinariya, wadda yayar babana ce kuma ita ta raine ni. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.

Ba zan ɓoye ba, na gaji. Na haura talatin, ko ɓari ban taɓa yi ba, kuma ina son haihuwa kamar in yi hauka. Akwai wani bawan Allah, Balarabe, mai shagon dabino a gindin dutsen Uhudu, matarsa ta rasu. Ya aiko cikin mutunci cewa in Allah ya warware mini, yana nan. Alƙali kuwa ya sa mana zama a watan Jimada: in har lokacin babu labari, zai yanke hukuncin Abdulmajid ya mutu, in yi takaba, in fita. Amma ya gaya mini tun da wuri, zai rantsar da ni cewa ban gan shi ba, ban ji ɗuriyarsa ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Wata Juma'a cikin Muharram, sanyi bai gama sakin Madina ba, mun gama cin shinkafar buhari, Fahad yana ta sauya tashoshi yana neman ƙwallonsa. Shi ya kafa mana dish a saman soro, don haka tashoshin duniya ba wanda ba ya shigo mana falo. Sai ya faɗa kan wani abin ban haushi. Wasu ƙattan Turawa ne, tumbi kamar mai cikin wata tara, suna jifan wani faifai a jikin bango da 'yan kibau da ba su wuce tsawon yatsa ba. Bayansu dubban mutane riƙe da kofunan giya suna ihu. Wai sana'a ce, har gasa ake yi: mutum takwas, duk Alhamis a wani gari, a yi ta tara maki har wata huɗu, sannan huɗun da ke sama su kara a daren ƙarshe. Na ce lalle wasu ba su da aikin yi.

Gwaggo tana da yanar ido, shi ya sa kujerarta take manne da talabijin. Ba ta rarrabe fuska, sai dai tsayin mutum da tafiyarsa.

"Fahad, tsaya nan," in ji ta.

"Esh fi, ya Ummi?" Wato, me ya faru, Umma? Fahad yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa.

"Wancan mai baƙar riga. Bayan mai sanƙon."

Kowane ɗan wasa idan zai shigo, ta tsakiyar taro yake ratsowa, da masu gadi suna kare shi daga hannuwan mashaya. Bayan wani mai sanƙo akwai wani dogon baƙin mutum, ya ware hannuwa, ya juya fuska wajen taro. Hayaƙi da walƙiyar fitilu suka rufe shi, suka hau dandamali, aka ɗauke hoton.

"Tafiyar Abdulmajid ce," in ji Gwaggo. "Kafaɗar hagu a ƙasa."

Na tashi na kwashe kwanuka, raina a ɓace. Shekara shida tsohuwar nan tana ganin ɗanta a layin masu fita daga Harami, tana ganinsa a bayan motocin haya. Yanzu kuma sai a gidan giya, ana saura wata huɗu in huta.

Tun daga ranar, Fahad ya riƙa ɗaukar wasan a kaset, mu kalla ranar Juma'a bayan La'asar. Ni zama nake yi don in ƙaryata. Mutumin kullum bayan mai sanƙo yake, ba ya raka kowa sai shi, kuma kullum ko an yanke kansa daga hoton saboda tsayi, ko ya ba mu ƙeya. Na ce wa Gwaggo dogayen baƙaƙe a Ingila sun fi tattabarun Harami yawa. Ta ce to. Kafin wata guda ta san 'yan wasan kaf, ta raɗa musu suna: Mai Sanƙo, Mai Tumbi, Ango, Ɗan Tsurut. Ta san daga ɗari biyar da ɗaya ake farawa a yi ta ragewa har a kai babu. In mai shela ya ja murya ya ce an ci ɗari da tamanin, sai ta ce, "Masha Allahu," sannan ta tuna inda take, ta yi istigfari.

A sati na biyar ne abin ya juyo kaina. A garin da suka je, an ajiye na'urar ɗaukar hoto a bayan ƙofar da ake shiga zauren. Muka ga Mai Sanƙo ya tsallake dokin ƙofa ya shige. Mai baƙar riga ya biyo shi, da ya zo daidai bakin ƙofar sai ya ɗan yi turus, ya sauya taku, ya jefa ƙafar hagu.

Kofin shayin da ke hannuna ya karkace, ya zubo mini a cinya, ban ji zafinsa ba.

Da maficin kaba Gwaggo ta koya mana wannan muna yara, ni da shi. Masallaci da gida da dama ake shiga, banɗaki da duk wani wurin ƙazanta da hagu. Abdulmajid ya riƙe abin fiye da kowa. Ko shagon da ake sayar da sigari zai shiga, sai ya yi wannan ɗan turus ɗin ya sauya ƙafa, ina yi masa dariya. Wane ne a Ingila zai tsaya zaɓen ƙafa kafin ya shiga cikin mashaya?

Gwaggo ba ta gani ba, idonta bai kai nan ba. Amma ta ji numfashina.

"Me kika gani, Khaulat?"

Na gaya mata. Ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kumatunta. Na sa Fahad ya mayar da kaset baya har hoton ya fara rawa. Wani kallon in ga ya sauya taku da gangan, wani kallon in ga tuntuɓe kawai ya yi da igiyar lantarki.

Fahad ya nemo lamba ya buga wa masu shirya gasar. Suka ce masu gadin ba ma'aikatansu ba ne, wani kamfani ke kawo su, kamfanin kuma ya ce ba ya bayar da sunan kowa. Fahad ya ajiye waya ya ce, "Halas, ya Ummi, ma fi fayda," wato shi ke nan, babu fa'ida. Gwaggo ta ce da fa'ida, tunda a daren ƙarshe ana nuna kowa da kowa, har masu shara.

Matsalar ita ce Mai Sanƙo ya fara shan kashi. In bai shiga cikin huɗun sama ba, babu shi a daren ƙarshe, babu mai raka shi. Sai ga gidan marigayi Malam Ɗanmusa, mahaifin Abdulmajid, mutumin da ko hoto bai yarda a rataye masa a bango ba, an koma lissafin makin wani Bature mai zanen maciji a dantse. Gwaggo ta tambaye ni ko ya halatta a roƙa wa irinsa nasara. Na ce ban sani ba. Ta ce to za ta roƙa wa kibiyar. Ni kuwa ban san me nake roƙo ba. In ya jefa ya ci, gabana ya faɗi. In ya kuskure, in ji wani sanyi a raina, sannan in ji kunyar sanyin.

Mutumin ya bi ni ko'ina. In na hau soro shanya, Uhudu ya yi jajir da rana, sai in ji ihun taron nan a kunnena. In na tashi shiga ɗaki, sai in tsaya a bakin ƙofa in rasa ƙafar da zan fara sawa. Balarabe ya aiko da kwalin dabinon ajwa, na ajiye shi a saman firji ban buɗe ba. Na daina jin haushin Gwaggo, na koma jin haushin ƙeyar nan. In kai ne, don me ba za ka juyo ba? In ba kai ba ne, wa ya koya maka tafiyar mijina?

Da ƙyar Mai Sanƙo ya tsallake a na huɗu, lokacin zafi ya sauka, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Kaset ɗin ƙarshe ya zo ana gobe zaman alƙali. Mai Sanƙo ya sha kashi tun a karon farko. Ya sauko daga dandamali yana ɗaga wa mutane hannu, wani mashayi ya kai masa cafka, mai baƙar riga ya shiga tsakani, ya juyo. Fuskarsa ta cika talabijin.

Fahad ya tsayar da hoton.

Ba gemu, ba gashin baki, kai a aske tas, kumatu cike. Mijina siriri ne mai gemu, kullum da gutura, ƙyallen nan na Larabawa, a kansa. Hotonsa ɗaya muke da shi, ɗan mitsitsi na jikin takarda, hatimi ya cinye rabin fuskar. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi. Idanun kamar nasa. Hancin ya fi nasa faɗi, ko kuwa haka yake? Na nemi fuskar Abdulmajid a cikin kaina don in gwada su, sai na tarar babu ita. Mutumin da muka tashi gida ɗaya, muka ci a kwano ɗaya, na kwana gefensa shekara uku. Ina tuna muryarsa, ina tuna ƙanshin turarensa, amma inda fuskar take, wata huɗun nan sun cike wurin da ƙeya.

Na dubi Fahad. Ya girgiza kai, ya ce, "Wallah ma adri," wato shi ma bai sani ba, ya fita waje.

"Khaulat," in ji Gwaggo. "Ke ce idona. Shi ne?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Duba dai, 'yar nan."

"Na duba. Wallahi ban sani ba. Na manta fuskarsa."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun da ya tafi. Ina kuka ina cewa ba zan iya rantsuwa gobe ba, ba zan rantse a garin Manzo a kan abin da ban tabbatar ba, gara in tsufa a haka. Gwaggo ta lallubo kaina ta ɗora a cinyarta. Ta daɗe tana fuskantar talabijin. Can ta ce in kashe.

Washegari a mahakama, alƙali ya tambaye ni ko na ga mijina ko na ji labarinsa. Na gaya masa komai, har maganar ƙafa. Ya shafa gemu, ya ce shakka ce, amma tunda akwai ta, yana iya ɗage zaman zuwa baɗi, a sake kallo, sai dai in mahaifiyar Abdulmajid tana da ta cewa. Na sunkuyar da kai.

Gwaggo ta dafa sandarta ta miƙe.

"Ya Shaikh, ni na fara wannan magana, kuma ni tsohuwa ce mai yanar ido. Ɗana ba zai yi shekara shida yana da rai bai kira ni ba. Wancan ɗan wata ne. Yarinyar nan ta yi haƙuri iya haƙuri. A sallame ta."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Alƙali ya yanke hukunci.

Aka yi zaman makoki kamar yadda ake yi a nan, tsakanin Magariba da Isha'i, gahawa da dabino suna zagayawa. Babu gawa, babu kabari a maƙabartar Baƙi'a kusa da na mahaifinsa. Mata suka cika falo, 'yan Kano da 'yan Damagaram da 'yan Sudan, maƙwabtanmu na da can daga unguwar Al-Sih ma sun zo. Ina zaune gefen Gwaggo cikin kayan takaba, kafaɗarmu tana gugar juna. Kowace ta durƙusa gabanta ta riƙe hannunta.

"Ya haƙuri, Hajiya? Allah ya ji ƙan Abdulmajid, ya sa ya huta."

"Sannunku da zuwa," in ji Gwaggo. "Kun sha hanya."

Ta biyu ta zo, ta ce Allah ya haskaka kabarinsa. Gwaggo ta tambaye ta lafiyar yara. Ta uku ta ce Allah ya kai haske makwancinsa. Gwaggo ta ce a ƙara wa baƙi gahawa.

Na juya na zuba wa leɓɓanta ido. Har aka kira Isha'i, har matan suka watse, ba ta amsa ko guda ɗaya ba. Kwana uku aka yi ana yi wa ɗanta addu'ar mamaci, ni kaɗai nake cewa amin.